Littafin da Kika Haska a Bango

Zuwa ga Dakta Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, a can ƙasar sanyin da kika zaɓa wa kanki. Idan kin tambayi lafiyata, alhamdulillahi. Na yi ritaya, ina nan a gidan nan na Kurudu da kika sani, sai dai ko kin zo ba za ki gane hanya ba, gonakin da muke ratsawa duk sun zama gidajen haya.

Na kira ki Dakta ne saboda mutane suna karantawa. Ni dai Balki na sani. Kuma ba rashin lambarki ne ya sa na rubuto miki a bainar jama'a ba, ina da ita. Ke kika fara kai maganata gaban jama'a, to bari ni ma in ƙarasa ta a can.

Makon jiya 'yar maƙwabciyata ta turo mini wata hira da aka yi da ke. Kin yi ƙiba, kin sa tabarau, muryar dai tana nan. Kina roƙon mutanenmu su daina tsangwamar masu ciwon damuwa, kina cewa ciwo ne kamar kowane ciwo. Sai kika kawo labarin wata baiwar Allah a Abuja da ta sha magani ta warke, ta koma rayuwarta kamar ba a yi ba. Tabɗi! Na ajiye wayar na daɗe ina kallon bango. Baiwar Allahn nan ni ce, Balki, kuma rabin labarin kika bayar.

Kin san farkonsa, amma masu leƙe ba su sani ba. Gado ɗaya muka yi a makarantar kwana, ke a sama ni a ƙasa. Ke ce mai ƙwaƙwalwa, ni ce mai baki. Da aka dawo mulkin farar hula muka sake haɗuwa a Abuja, lokacin da ko'ina ka duba bene ake ɗagawa, wayar salula ta shigo kowa yana rataye ta a wuya don a gani. Ni ina rajistar wata ma'aikata, ina karɓar fayil ina buga hatimi. Ke kin dawo daga karatu a waje, kina wata cibiyar bincike, kina yini da ɓeraye da kwalabe. Ina tsokanarki ina cewa duk karatun nan ashe kiwon ɓera za a ƙare.

'Yata Ummi tana da shekara shida babanta, mijina Sani, ya rasu a hanyar Kaduna. Da safe Sani ya fita yana cewa in ajiye masa ɗumame, da azahar aka kira ni.

Na yi takaba kamar kowace mace. Wata huɗu da kwana goma suka cika, na yi wanka, na koma ofis, aka ce mini barka da fita. Amma ni ban fita ba. Sai in zauna da fayil a gabana in karanta layi ɗaya sau goma. Abinci ya zama kamar ina tauna takarda. Kan Ummi ya yi wata guda ba kitso, ina ganinsa, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Kowa ya zo sai ya ce, "Sai haƙuri, ki yi tawakkali." Wallahi ina yi. Ina salla, ina addu'a, amma a ciki babu komai, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya, don na ɗauka imanina ne ya tafi.

Wata Asabar kika zo ba sanarwa. Kika buɗe labule, kika leƙa tukwane, kika dubi kan Ummi. Kika zaunar da ita kika tsefe ta da kanki. Sai da za ki tafi kika tsaya a bakin ƙofa kika ce, "Rakiya, wannan ba rashin imani ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani." Ranar Talata kika kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, muka ce wa maƙwabta asibitin ido za mu.

Kwana goma ina shan ƙwayar nan, ban ga komai ba sai tashin zuciya da hamma. Na jefa sauran a kwandon shara na kira ki na ce ki riƙe maganinki na Turawa. Ba ki yi gardama ba. Kika zo da mota kika ce in raka ki kasuwar Kado sayen kifi.

Ina tuna wurin sarai. Ƙarni ko'ina, ruwan ƙanƙara yana bin ƙasa, mai kifin yana ta ce mini da 'yar Hausarsa, "Hajiya, kai duba wannan, yau ya zo." Muna jira a gyara mana kika ciro takarda daga jaka, kika ɗora a kan gwiwa kika fara zane. Kika ce ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba manne suke da juna ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu. Wannan ta saki wani sinadari, waccan ta karɓa a bakin ƙofarta, haka suke magana. Wadda ta saki kuma takan yi maza ta janye abinta. Maganin da nake sha yana rage wannan janyewar ne, don saƙon ya daɗe a bakin ƙofa, kuma wannan tun ranar farko yake faruwa.

Na ce to me ya sa ban ji komai ba. Kika ce ai a nan aikinki yake. Isar saƙo bakin ƙofa ba shi ne biyan buƙata ba. A cikin ƙwayar akwai wani ɗan aike da zai ɗauka ya miƙa wa wani, wannan ma ya miƙa wa wani, har ya kai can tsakiya inda ake ajiye umarni. Daga can ne ake ba da izini a ƙera sababbin abubuwan da ke taimaka wa ƙwayar ta sake fitar da rassan da doguwar damuwa ta busar. Wannan kuwa makonni yake ɗauka. Wannan hanyar ta ciki ita kike bi a kan ɓerayenki. Kuma kika ƙara da abin da ya sa na yarda da ke: "Mu ma ba mu gama sani ba, Rakiya. Mun dai san yana aiki ga mutane da yawa, muna neman ta yaya."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, karo na farko tun rasuwar Sani. Na ce ashe ma'aikata ce guda a cikin kaina. Masinja ya kawo fayil, mu a rajista mu buga hatimi a ranar, amma kafin ya hau bene daga tebur zuwa tebur ya kai gaban oga, ya sauko da sa hannu, mai shi ya gaji da sintiri. Kika tafa hannu har mai kifin ya juyo. Kika ce, "To an buga wa naki hatimi, yana hawa bene. Kada ki kuskura ki janye shi."

Ban janye ba. A hanyarmu ta dawowa kika sake sayo maganin, kika haɗo da littafin rubutu mai koren bango irin na 'yan firamare. Kika ce kullum in rubuta awa nawa na yi barci, me na ci, na yi kuka ko ban yi ba, me ya zo mini a rai. Kika ce don likita ne, kuma don ni kaina in ga tafiyar da nake yi. Na tambaye ki wa zai gani, kika ce daga ke sai shi.

Saboda haka na rubuta komai. Abin da ban iya faɗa wa kowa ba na zuba shi a littafin nan. A rana ta goma sha tara na rubuta cewa na zauna ina kallon Ummi tana cin abinci ban ji komai a zuciyata ba, kamar 'yar wasu, kuma ina ganin da babu ni da ta fi jin daɗi. Haka na rubuta, don haka nake ji a ranar.

A mako na biyar abin ya fara sakina. Ba ni na fara lura ba. Inna Jumma ce, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta bayan Kurudu. Wata da watanni tana zuba mini ina karɓa ba uffan. Ran nan na ɗanɗana na ce mata yau kam saniyar ta sha ruwa da yawa. Ta sauke ƙwarya ta dube ni ta ce, "Yawwa, Hajiya ta dawo." Da yamma na yi wa Ummi shuku, tana ta mita wai ina ja mata kai.

Da na cika wata uku ina rubutun kika ce in ara miki littafin za ki duba wani abu. Na ɗauko na ba ki ko a jikina. Wa zan ba in ban ba ki ba?

Kin tuna zamanin. Kowane mako da taron ƙara wa juna sani a wani otal, a raba jaka da biro, a ci kaza a watse. Cibiyarku tana neman a saya mata wata na'ura, aka shirya taro, aka gayyato daraktoci, aka ce ke za ki yi jawabi. Kika kira ni kika ce, "Ki zo ki tafa mini, in ba ki zo ba mun ɓata." Na ɗinka sabon leshi saboda ke. Na zauna a layi na uku ina ta baza haƙora.

A babban tebur, shugaban taro, Alhaji Tijjani ne, yayan Sani. Kada ki ce ba ki san shi ba. Shi ya karɓa wa Sani aurena, ke kuwa ke ce babbar ƙawa, ke kika yi ta cinikin sayen baki da abokan ango a gabansa.

Kin yi jawabi mai kyau, ba zan tauye miki ba. Kika nuna hotunan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, waɗanda suka bushe da waɗanda suka sake yin rassa. Kika kawo misalin fayil da masinja, ɗaki ya ɗauki dariya, daraktoci har da buga tebur. Na ji daɗi a raina, na ce misalina ne wannan. Sai kika ce bari ki nuna musu yadda abin yake a jikin ɗan Adam, kika danna majigi.

Rubutun hannuna ne ya fito a bango, Balki. Kowane harafi ya kai tafin hannu. Rana ta goma sha tara.

Kin sa baƙin layi kin rufe sunana a sama, na gani. Kika ce wata ce za ki kira ta Malama R., mai shekara talatin da huɗu, mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna, tana da 'ya ɗaya, tana aiki a rajistar wata ma'aikata. Haba Balki! Haba! A can inda kika yi karatu wataƙila in an rufe suna an rufe mutum. A nan fa? Mu nawa ne 'yan Arewa a ma'aikatun nan a lokacin? Masallacin Juma'a ɗaya, gidan suna ɗaya, zaman makoki ɗaya. Rabin mutanen ɗakin nan sun zauna a kan tabarma a ƙofar gidana ranar sadakar bakwai. Rubutuna kuwa yana bangon kowane fayil da ya taɓa ratsa ma'aikatarmu. Duk wannan ma a bar shi. Kin rufe sunana, kin manta da na Ummi a layi na huɗu.

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta har ƙasa. Sannan ya juyo yana bin layuka da ido har ya same ni. Bai ɓata rai ba. Da ma ya ɓata.

Kin nuna wani shafi na mako na takwas bayan wannan, na sani. Babu wanda ya karanta shi. Wajen shan shayi wata mata da ban taɓa yi wa magana ba ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Sannu kin ji, Allah ya ƙara sauƙi." Ke kuwa kika iso kina sheƙi, mutane na biye da ke, kika raɗa mini, "Kin ga yadda suka yi tsit?" Na gani, Balki. Na nemi tasi na tafi.

Ranar Litinin oga ya ɗauke ni daga fayilolin sirri ya mayar da ni teburin karɓar wasiƙu, wai don in samu sauƙin aiki. Masinjojin da muke yini muna tsokanar juna suka koma gaishe ni da ladabi. Wannan duk na iya haɗiyewa.

Bayan kwana goma Alhaji ya zo gida da matarsa Hajiya Asma'u, da goro da buhun shinkafa. Ko sau ɗaya ba su ambaci ciwo ba. Ya ce makarantar da ke kusa da gidansa a Maitama ta fi ta nan, ya ce Ummi amanar ƙaninsa ce a wuyansa, ya ce in ba su ita in samu in huta. In an yi hutun zango za su zo su ɗauke ta.

Kin san kara, ke ma da ita aka raine ki. Ummi 'yar fari ce, sunan mahaifiyarsu ta ci, ko sunanta na yanka ban taɓa kamawa ba. A gaban surukai, mace ta buɗe baki ta ce a'a a kan 'yar fari? Balle wadda aka karanta a bango cewa ba ta jin komai a kan 'yar. In na yi shiru sun tafi da ita, in na yi kuka na ɗaga murya sun ce ga shi nan, ciwon ne. Na sunkuyar da kai na faɗi abin da aka koya mana: "Ai taku ce, Yaya."

Hanya ɗaya ta rage mini. Wani da Alhaji yake jin maganarsa ya zauna da shi ya ce masa shafin nan na rana ta goma sha tara ne, akwai ta sittin, akwai ta casa'in, matar nan ta samu lafiya. Takardar likitan ƙwaƙwalwa ba za ta yi ba, ganin hatiminta kaɗai ya ishe su hujja. Ke ce ya tafa wa. Ke ce ya kira abin alfaharin Arewa a gaban mutane.

Na zo har ɗakin gwajinku, karo na farko da na taka shi. Kina cikin farar riga, ɓeraye suna ta ƙaraf-ƙaraf a keji. Na faɗa miki komai. Kika dafe ƙirji, kika yi salati, kika yi kuka har da majina, kika ce wallahi ba ki lura da sunan ba. Na yarda, har yau na yarda. Na ce ba kuka na zo nema ba, Asabar bayan la'asar Alhaji zai zo, ki zo ki yi masa bayani. Kika riƙe hannuna kika ce, "Ko ana ha-maza-ha-mata sai na zo."

Na share gida, na yi dambun nama da kunun aya. Alhaji ya zo a kan lokaci, mutum ne mai cika alkawari. Muka zauna, shi a kujera ni a ƙasa. Na kira ki, waya a kashe. Na fita bakin titi na dawo. Na sake kira. Ya sha kunun aya kofi biyu, ya tambayi Ummi karatu, ya duba agogo. Da rana ta yi ja ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Ba komai, Dakta tana da ayyuka da yawa."

Sai bayan kwana uku saƙonki ya shigo wayata, layi biyu. Wai in gafarce ki, in kin zo kin tabbatar musu ni ce. Kamar akwai wanda bai sani ba! Na daɗe kafin in gane abin da kike tsoro. In kin zauna gaban darakta kin ce e, littafin ƙawata ne, kin amsa da bakinki cewa kin haska sirrin mara lafiya ba da izininta ba. Ga kuma gurbin binciken da kike nema a waje ya kusa fitowa. Kin auna, kin ga wanda ya fi nauyi. Bayan wata biyu kika tashi, direban cibiyarku ya kawo mini littafina a cikin ambulan, ko 'yar takarda babu a ciki.

Kuskuren majigi kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne. Asabar ɗin nan ba kuskure ba ce, Balki, da saninki kika kashe waya. Ita ce ban iya haɗiyewa ba shekara ashirin.

Ranar da suka zo ɗaukar ta, Ummi ta goya jakar makaranta ta tsaya a ƙofar kicin tana tambayata ko ranar Juma'a za ta dawo. Na ce ta tafi ana jiranta. Ina ta goge tukunyar da na riga na wanke. Ban raka ta mota ba, don kada Hajiya ta ga idona ta kai labari. Wannan laifina ne, ba naki ba, kuma na ɗauki abina. Da na sani da na rungume ta a gabansu, su faɗi abin da za su faɗa.

Ba na jin haushin Alhaji, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya karanta ya karanta, kuma jinin ƙaninsa yake karewa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Sun riƙe ta da kyau, ba duka ba zagi, ta yi digiri, ta yi aure gidan mutunci.

Kuma ban daina shan maganin ba, in kina son sani. A watannin nan da gidan ya zama kango, shi ya riƙe ni da ikon Allah. Na sha har likita ya ce a rage a hankali, aka rage, aka daina. Bayan wasu shekaru abin ya sake leƙowa, na gane shi tun daga nesa, na koma asibiti da ƙafata, na jira makonnina ba tare da na zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Mata uku na raka wurin likita a unguwar nan, kowacce na zana mata abin da kika zana mini. Iliminki gaskiya ne, Balki, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ƙarya kika yi mini gaba ɗaya da na tsane ki na huta.

Ga sauran rabin labarin da ba ki faɗa wa mai hira ba. Ina ganin Ummi da Salla da hutu, a falon Maitama, Hajiya tana zaune a gefe. Ba a taɓa bari ta kwana a gidana ba, kullum da dalili mai kyau. Ban san me aka ce mata ba, na dai ga yadda ta koma yi mini magana a hankali, tana murmushi, kamar yadda ake yi wa mai jinya. Kafin ta shiga sakandare ta fara kirana Anti, yadda 'ya'yan Hajiya suke kirana. Ban hana ta ba, da wane bakin?

Watan jiya ta haihu, 'ya mace. Haihuwar fari ai gida ake zuwa wanka, kuma gida ta tafi, Maitama. Hajiya ce ta dafa ruwa, ita ta dama kunun kanwa, ita ta yi gashi. Ni ranar suna na je. Aka ba ni kujera a rumfar baƙi, aka miƙo mini abinci a roba da 'yar jakar tukuici mai hoton jaririya, kamar kowa.

Da mutane suka ragu na shiga ɗaki. Ummi tana zaune a bakin gado, ta yi kyau, ta yi sheƙin jego irin wanda na yi lokacinta. Na miƙa hannu wata tsohuwa ta ɗora mini jaririyar. Balki, goshin Sani ne sak. Ban gama bismillah ba Ummi ta miƙe, da ɗanyen jikinta, ta zo ta sa hannunta a ƙarƙashin nawa. Ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Ta yi murmushin nan nata ta ce, "Anti, kawo ta, kada ki gaji."

Na ba ta. Ban kai minti ɗaya da ita ba.

Na gwada yi mata bayani da kaina, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ta dafa ni ta ce, "Na sani, Anti, kada ki sa damuwa a ranki." Daga bakina maganar mara lafiya ce, komai na faɗa. Shi ya sa na dawo gare ki, duk da na rantse ba zan sake neman komai a wurinki ba.

Ba haƙuri nake so ki ba ni ba, ki riƙe abinki. Ummi nake so ki kira. Ta san sunanki, tana alfahari wai ƙawar Anti ce ake hira da ita. Ki gaya mata da muryar nan taki ta Dakta cewa shafin da kawunta ya gani shafi ɗaya ne a cikin littafi guda. Ki gaya mata ciwo ne ya rufe mini zuciya na ɗan lokaci, kuma ya buɗe tun tana aji ɗaya. Ki gaya mata ke kika haska shi, kuma ke kika ƙi zuwa. Yanzu babu gurbin da za a ƙwace miki, kin riga kin zama abin da kike son zama.

Abin haushin, Balkina, ina kewarki. In na ji abin dariya har yau ke nake fara tunawa, sai in tuna ba ma magana. Babu wanda ya taɓa shigowa gidana ya dubi tukwanena ya gane halin da nake ciki sai ke. Ke kika tsamo ni, ba zan musa ba ko a gaban Allah. Shi ya sa na kasa gane yadda kika iya barina a tsaye a bakin titi ina leƙen motarki.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa binciken nan naki ya amfani bayinsa, ya sa ku gano abin da kuka ce ba ku gama sani ba. Allah ya ji ƙan Sani da Alhaji Tijjani, ya saka wa Hajiya Asma'u da alheri a kan riƙon da ta yi. Duk wanda ke karanta wannan yana cikin duhun da na shiga, Allah ya yaye masa, ya haɗa shi da mai riƙe masa sirri. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya in iya yafe miki kafin ɗayanmu ta riga ɗaya, don har yau ban iya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Allah ya raya jaririyar nan, ya sa uwarta ta yarda in goya ta ko sau ɗaya, kafin ta fi ƙarfin bayana. Amin.

Wassalam.

Ni ce taki ta gadon ƙasa,
Rakiya,
Kurudu, Abuja.